Ciwon Jijiyar Baya Mai Sauka Ƙafa: A Jira, A Yi Allura, Ko A Shiga Tiyata?

Atishawa ce ta fara sanar da ni cewa wannan ciwon bayan ba irin wanda na saba da shi ba ne. Ina zaune a bakin gado da sassafe, na yi atishawa sau ɗaya tak, sai na ji kamar an jona mini wayar wuta daga ɗuwawun hagu, ta bi ta bayan cinya, ta ratsa sha-raɓa, ta je ta tsaya a ƙaramin yatsan ƙafa. Kafin mako ya zagayo, sa safa ya zama aikin da sai na yi masa shiri: in kwanta rigingine, in jawo gwiwa a hankali, in riƙe numfashi. Zaman minti goma a kujera ya gagare ni, amma tsayuwa da ɗan zagaye a ɗaki suna kawo mini sauƙi. Abin da ya fi ɗaure mini kai, bayan da kansa bai cika damuna ba. Ƙafar ce ke ci da wuta.

Shekara uku bayan nawa, irin wannan ciwon ya kama yayana. Shi an yi masa aiki, ni ba a yi mini ba, kuma yau dukanmu muna takawa da ƙafafunmu. Tun daga nan duk wanda abin ya sama a cikin dangi da abokai, tambayarsa ɗaya ce: wace hanya ta fi? Amsata ba ta cika yi wa mutane daɗi ba, domin ba sunan hanya ɗaya nake faɗa ba. Ga mafi yawan masu wannan ciwo, hanyoyin duk wuri ɗaya suke kaiwa bayan shekara guda. Inda suka sha bamban shi ne tsawon lokacin da za ka ɗauka kana shan azaba, da irin kasadar da ka yarda ka ɗauka don ka gajarta shi.

Likitoci na kiran ciwon sayatika, daga sunan jijiyar da ke ɗauke da shi. Jijiyar saƙo ce, ba ta jini ba, kuma duk jikin ɗan Adam babu wadda ta kai ta tsawo da kauri. Tana tasowa ne daga saiwoyi biyar da ke fitowa daga ƙasan ƙashin baya, waɗanda ake wa laƙabi da L4, L5, S1, S2 da S3. Su haɗu a cikin ƙugu, su bi ta ɗuwawu da bayan cinya, a kusa da gwiwa jijiyar ta rabu biyu ta ƙarasa tafin ƙafa. Tsakanin kusan kowane ƙashin baya da na kusa da shi akwai wani faifai da ke aikin matashi, bangonsa mai tauri, cikinsa mai laushi. Idan bangon ya tsage, na cikin ya ɓullo ya danne saiwar jijiya, sai ƙafa ta ɗauki ciwon duk da cewa ita lafiyarta ƙalau. Wannan shi ne sanadin kusan tara cikin goma na sayatika, kuma galibi a faifai biyu na can ƙasa abin ke faruwa, tsakanin ƙasusuwan baya da su ma ake kira L4 da L5, ko tsakanin L5 da S1. Wani likitan Italiya mai suna Domenico Cotugno ya bayyana ciwon dalla-dalla tun a 1764, amma sai a 1934 wasu likitocin tiyata biyu a Boston ta Amurka, Mixter da Barr, suka nuna cewa tsagewar faifai ce ke haddasa shi. A riƙe abu ɗaya a nan, domin duk bayanin da ke tafe a kansa ya dogara: ba dannewa kaɗai ke kawo zafin ba. Abin da ya ɓullo daga faifan yana sa saiwar ta kumbura, kumburi kuwa yana saɓewa.

Kafin a fara auna hanyoyi, akwai mutanen da wannan awon bai shafe su ba, domin su ba su da lokacin zaɓi. Idan fitsari ya ƙi fita, ko yana zuba ba ka sani ba, ko bayan gida ya kufce maka; idan tsakanin cinyoyi, al'aura da kewayen dubura suka mutu har ba ka jin taɓawa; idan ciwon ya sauka ƙafa biyu a lokaci guda da tsanani, to a tafi sashen gaggawa na asibiti a wannan sa'ar, ko da tsakar dare ne. Alamu ne na cewa an danne dukan tarin jijiyoyin da ke ƙarshen laka, kuma jinkirin kwana ɗaya ko biyu na iya barin mutum da lalurar mafitsara har ƙarshen rayuwarsa. Na san kunya ke hana mutane faɗin irin wannan, shi ya sa na faɗe shi ƙarara. Haka nan ƙafar da ƙarfinta ke raguwa kullum, har ta fara jan ƙasa ko takalmi na suɓucewa, ba ta jira ba ce. Ciwon baya mai haɗe da zazzaɓi, ramewa ba dalili ko gumin dare, ko wanda ya zo wa mai tarihin ciwon daji ko tarin fuka, ko ya biyo bayan faɗuwa mai tsanani, shi ma a ga likita cikin gaggawa, don ƙila ba faifai ba ne.

Ga sauran jama'a kuwa, hanya ta farko ita ce jira. Sai dai kalmar tana yaudarar mutane, suna jin ta su ɗauka an ce su kwanta. A 1999 an wallafa wani gwaji da aka yi a Holan kan mutum 183 masu sayatika. An kwantar da rabinsu a gado na tsawon mako biyu, rabi aka bar su suna harkokinsu gwargwadon iyawa. Bayan mako 12, kashi 87 cikin ɗari na kowane ɓangare sun sami sauƙi. Gadon bai ƙara wa kowa komai ba. Kwanciyar yini ɗaya ko biyu a lokacin da ciwon ke tashe ba laifi ba ce, ni ma na yi, amma wanda ya shimfiɗe na makonni yana tashi da tsoka ta saki, gaɓoɓi sun sandare, ga tsoron motsi ya shige shi.

Me ya sa jira ke aiki? Jiki yana ɗaukar abin da ya ɓullo daga faifai a matsayin baƙo, sai ƙwayoyin garkuwar jiki su taru a kansa suna cinye shi kaɗan-kaɗan. Da aka tattara binciken da aka maimaita wa marasa lafiya hoto bayan watanni, an ga kusan biyu cikin uku na irin wannan ɓullowar sun ragu ko sun ɓace da kansu ba tare da wuƙa ba. Wani abin mamaki, wanda ya fito da yawa har ya gutsire shi ya fi saurin narkewa a kan wanda ya ɗan kumburo kawai. Hukumar lafiya ta Birtaniya ta taɓa gaya wa mutane cewa sayatika kan yi sauƙi cikin mako huɗu zuwa shida, ko da yake yakan wuce haka. Nawa ya kai mako tara.

Ba zan ɓoye tsadar wannan hanya ba, domin masu yabon haƙuri sukan manta da ita. Dare ne ake kwana ido biyu. Aiki ne ke tsayawa. Fushi ne ke sauka a kan iyali ba su ji ba ba su gani ba. Kuma ba kowa ke warkewa sarai ba: a wasu nazarce-nazarce har kashi 30 cikin ɗari na da sauran ciwo bayan shekara. Saboda haka jira na gaskiya jira ne mai lissafi. Ni takarda na ajiye ina rubuta abu uku duk ƙarshen mako: inda zafin ke tsayawa a ƙafa, minti nawa nake iya zama, da sau nawa ciwo ya tashe ni cikin dare. Mai ciwo ba ya ganin sauƙin da ke zuwa a hankali, kullum ji yake yau ta fi jiya muni. Takardar ce ta nuna mini cewa zaman minti goma ya zama ashirin da biyar.

Gashin ƙashi da atisaye suna tafiya ne tare da jira, ba kishiyarsa ba ne. Babu hannun da ke iya mayar da faifai mazauninsa ta hanyar danna baya, duk wanda ya yi maka wannan alkawarin ka yi hattara da shi. Amfanin da gwaje-gwaje suka nuna wa gashi a sayatika matsakaici ne. Duk da haka ina ganin ya cancanci lokacin da ake ba shi, saboda ƙwararren mai gashi yana gano motsin da ke rage maka zafi da wanda ke ƙara shi, yana lura da ƙarfin ƙafarka mako bayan mako, kuma yana cire maka tsoro. A wurin wadda ta duba ni na koyi alamar da wani masanin gashin ƙashi ɗan ƙasar New Zealand, Robin McKenzie, ya shahara da bayyanawa: idan zafi ya fara janyewa daga tafin ƙafa zuwa gwiwa, daga gwiwa zuwa ɗuwawu, ana samun ci gaba ke nan, ko da bayan ya ɗan ƙara ciwo. Idan kuma wani atisaye yana tura zafin ƙasa zuwa yatsu, a dakata da shi. Ta sa ni ina kwanciya rub da ciki ina ɗago ƙirji a kan gwiwar hannu, abin ya karɓe ni, amma na ga wanda wannan motsin ya ƙara wa ciwo. Shi ya sa ba na son a kwafi atisaye daga bidiyon intanet a ce na kowa ne. Tafiya a ƙasa kaɗan-kaɗan sau da yawa a yini, ɗumama wurin, da kwanciya a gefe da matashi tsakanin gwiwoyi, waɗannan kam da wuya su cutar da wani. Bel ɗin ɗaure ƙugu da na'urar jan baya kuwa, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta ce kada a ba masu ciwon baya ko sayatika su.

Maganar magunguna ce ta fi ba ni takaici, domin a nan ne fata ya fi yawa, sakamako ya fi ƙaranci. Magungunan rage kumburi irin su ibuprofen, diclofenac da naproxen su aka fi farawa da su. Suna ɗan rage wa wasu zafi har su iya motsi, amma a kan ciwon jijiya ƙarfinsu bai kai yadda ake zato ba, kuma suna da haƙora: gyambon ciki, lahani ga ƙoda, tayar da hawan jini. Mai olsa, mai ciwon ƙoda ko zuciya, tsoho, da mai juna biyu, kada su sha sai da izinin likita. Kada a haɗa biyu daga cikinsu a lokaci guda, kuskuren da mutane ke yawan yi ke nan saboda sunayen kwalin sun bambanta. Paracetamol ya fi su sauƙin illa idan ba a wuce ƙa'ida ba, sai dai shi kaɗai ba ya yin wani abin kirki ga ciwon baya.

Sai pregabalin da gabapentin, waɗanda aka daɗe ana rubutawa da sunan maganin jijiya. A 2017 aka wallafa gwajin da aka yi a Ostareliya kan mutum 209 masu sayatika: wasu aka ba su pregabalin, wasu aka ba su ƙwayar da babu magani a cikinta. Bayan mako takwas, zafin ƙafa bai bambanta ba tsakanin ɓangarorin biyu, sai dai masu shan maganin sun fi fama da jiri. Ƙwayar prednisone, wani maganin rage kumburi mai ƙarfi, ita ma an gwada ta a Amurka kan mutum 269, aka wallafa a 2015: ta ɗan inganta yadda mutane ke iya hidimarsu, ba ta rage zafin ba. A 2020 NICE ta fito fili ta ce kada a ba da waɗannan don sayatika, haka ma magungunan kwantar da hankali irin su diazepam. Tramadol, kodin da danginsu na iya kai mutum safiya a kwanakin da ciwon ya kai maƙura, a ƙarƙashin kulawar likita kuma na ɗan gajeren lokaci, amma ga ciwon da ya daɗe NICE ta hana su, saboda jiki na sabawa da su, amfaninsu ya ragu, jarabarsu ta rage. Wanda ya riga ya daɗe a kan pregabalin ko tramadol kada ya yanke rana ɗaya, a sauke masa a hankali. A ganina, aikin magani a wannan ciwo shi ne ya ba ka barci da damar takawa. Ba shi ke warkar da jijiyar ba.

Allurar baya tana tsakiya, tsakanin jira da wuƙa. Ba allurar kashe zafi da ake yi a ɗuwawu nake nufi ba. Wannan ƙwararre ne ke yin ta, galibi yana kallon hoto a na'ura, ya kai maganin rage kumburi da na kashe zafi daf da saiwar da ta kumbura. Abin da bincike ya nuna shi ne tana rage zafin ƙafa kaɗan na 'yan makonni, bayan watanni kuma babu bambanci tsakanin wanda aka yi wa da wanda ba a yi wa ba. Gada ce ke nan: tana iya ƙetarar da mutum makonni mafi muni yayin da jiki ke nasa aikin. Ga wanda zafi ya hana barci da motsi amma bai shirya wa tiyata ba, tana da ma'ana. Tana iya tayar da sukarin mai ciwon suga na wasu kwanaki, wani lokaci ta bar ciwon kai, kuma a 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin cewa, ko da yake da wuya, akan sami mummunan lahani ga jijiya ko laka. Idan an yi ta farko ba ta yi komai ba, ban ga dalilin jera ta biyu da ta uku ba.

Bari in ɗan ratse zuwa maganar hoto, don ita ce ke tura mutane da yawa ɗakin tiyata tun lokaci bai yi ba. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna faifai ko jijiya, sai MRI, wato hoton na'urar maganaɗisu da ke nuna sassan jiki masu laushi. Amma MRI ɗin yana nuna abin da ya fi ƙarfin buƙata. A 1994 an ɗauki hoton bayan mutum 98 da ba su da ciwon baya ko kaɗan. Kashi 52 cikin ɗari aka ga faifansu ya kumburo, kashi 27 ya ɓullo (wasu suna da duka biyun), kashi 36 ne kacal duk faifansu ke daidai. Ma'ana, in aka sa lafiyayye a na'urar ma, da wuya a rasa abin rubutawa. Mutum ya karɓi takardar sakamako cike da kalmomi masu ban tsoro, daga ranar ya daina sunkuyawa, ya ɗauki bayansa tamkar tulun da ya tsage. Likita mai lura yakan gano sayatika da tambaya da hannu: ya kwantar da kai ya ɗaga ƙafar a miƙe, in zafin ya harba ƙasa da gwiwa tsakanin digiri 30 zuwa 70, alama ce. Ya sa ka taka a kan dunduniya don ya auna L5, ka taka a kan yatsu don ya auna S1. Lokacin MRI shi ne idan akwai waɗancan alamun haɗari, ko idan an fara maganar allura ko aiki, kuma dole abin da hoton ya nuna ya yi daidai da ƙafar da ke ciwo da kuma layin da zafin ke bi.

To, sai tiyata. Aikin da aka fi yi ƙarami ne idan aka kwatanta da yadda mutane ke tsoronsa. Ana yanka ɗan wuri na 'yan santimita a ƙasan baya, a yi amfani da madubin ƙara girma a cire guntun da ya danne saiwar, a bar sauran faifan. Yakan ɗauki kamar sa'a ɗaya, kuma da yawa suna komawa gida a ranar ko washegari.

Gwajin da ya fi taimaka mini fahimtar wannan zaɓi shi ne wanda aka wallafa a 2007, shi ma daga Holan. Mutum 283 ne, dukansu sun yi mako 6 zuwa 12 da sayatika mai tsanani. Aka raba su biyu: ɓangare ɗaya aka yi musu aiki da wuri, ɗayan aka ci gaba da jinya ba wuƙa, da sharaɗin za a yi wa duk wanda ya kasa jurewa. Waɗanda aka yi wa da wuri sun rabu da zafin ƙafa da sauri sosai. Amma da shekara ta cika, kusan kashi 95 cikin ɗari na kowane ɓangare sun ce sun warke. Akwai wata lamba a ciki da ya kamata a kalle ta ta fuska biyu: kashi 39 na masu jiran sun ƙare da yin aikin daga baya. Mai goyon bayan tiyata zai ce ka gani, kusan biyu cikin biyar sun sha wahalar banza. Mai goyon bayan jira zai ce uku cikin biyar sun tsira daga wuƙar da da an yi musu ba dalili. Duka biyun gaskiya ne. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne waɗanda suka jira sannan aka yi musu aikin ba su yi asarar komai ba a ƙarshe, in ban da lokacin da suka sha ciwo.

Amma idan watanni suka ja, ma'aunin yana karkata. A 2020 aka wallafa gwajin Kanada kan mutum 128 da ciwonsu ya yi wata 4 zuwa 12. Bayan wata shida, a ma'aunin zafi na sifili zuwa goma, waɗanda aka yi wa aiki suna kan 2.8, waɗanda ba a yi wa ba suna kan 5.2. Wannan tazara ce da mutum zai ji a jikinsa. Wanda ya kai wata huɗu ko biyar babu alamar sauƙi, yawancin waɗanda za su warke da kansu sun riga sun wuce shi, kuma ci gaba da cewa ya ƙara haƙuri ba adalci ba ne.

A nan yayana ya tsaya. Direban babbar mota ne, abincinsa a zaune yake, zama kuwa shi ne abin da ciwon ya fi ƙi. Ya yi gashi, ya sha magani, an yi masa allura sau ɗaya ta riƙe shi mako uku. A wata na biyar yana cin abinci a tsaye, yana kwana a ƙasa da ƙafa a kan kujera. Da na ce masa, "Yaya, ni fa da kansa ya tafi," sai ya ce, "Kai naka ya tafi a mako tara, ni ina cikin na ashirin." Ba ni da amsa, kuma shi ke da gaskiya. Da ya farfaɗo daga aikin, abin da ya fara faɗa shi ne ƙafar ta yi shiru. Sai dai mutuwar da bayan ƙafarsa ya yi ta ɗauki watanni kafin ta saki, kuma har yau bayansa kan yi masa tsami in ya yi doguwar tafiya.

Wannan ya dace da abin da aka sani game da aikin. Ya fi magance zafin ƙafa a kan ciwon baya, don haka wanda bayansa ne ya fi damunsa kada ya sa rai da yawa. Zafi ne ke fara tafiya, minjirya da mutuwar fata su biyo baya a hankali, wani lokaci ba su tafi duka ba. Akwai kasadar yagewar fatar da ke lulluɓe jijiyoyi, shigar ƙwayoyin cuta, da lahani ga saiwar kanta, ko da yake na ƙarshen ba kasafai ba ne. Faifan kuma na iya sake ɓullowa a wuri ɗaya, a tsakanin kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa, kuma masu shan taba sun fi fuskantar haka. Idan aka ce za a haɗe ƙasusuwan baya da ƙarfe saboda tsagewar faifai ɗaya kawai a karon farko, ka nemi a bayyana maka dalili, ka kuma ji ta bakin wani likitan, domin ba shi ne aikin da aka saba yi wa wannan matsala ba.

Duk wannan lissafin na tsagewar faifai ne. Dattijon da ƙafafunsa ke yin nauyi da zafi idan ya yi tafiya ko ya daɗe a tsaye, ya zauna ko ya sunkuya gaba su saki, galibi ƙuncewar hanyar jijiyoyi ce ke damunsa saboda shekaru. Wannan ba ya narkewa kamar guntun faifai, amma kuma yakan ɗauki shekaru bai ƙaru ba, kuma shawararsa daban ce. Mai juna biyu ita ma nata daban ne, yawanci yana sauƙi bayan haihuwa.

Idan wani nawa ya zo yau da sayatika babu alamar haɗari, ga yadda zan auna masa. A mako shida na farko ba na kawo maganar wuƙa: motsi gwargwadon iyawa, magani kaɗan na ɗan lokaci, mai gashi idan da hali, da takardar lissafi. Daga mako shida zuwa wata uku, takardar ce alƙali. In zafin yana janyewa sama, barci yana dawowa, a ci gaba a haka ko da tafiyar hawainiya ce. In yana nan daram, a yi MRI a zauna da likitan tiyata, kuma a nan halin rayuwar mutum yana da nauyi daidai da hoton. Wanda zai iya aikinsa a tsaye ko ya sami hutu yana da sararin jira. Wanda iyalinsa ke cin abinci daga zamansa a kujera ko ɗaukar kaya, kowane mako yana da tsada a wurinsa, kuma zaɓen aiki da wuri ba gazawa ba ce. Mai ciwon zuciya ko wata lalurar da ke sa maganin barci na tiyata ya zama haɗari zai fi karkata ga jira da allura. Bayan wata huɗu babu canji, ni kaina zan ce a yi aikin.

A gaban likitan tiyata, tambayoyin da suka amfani yayana su ne: shin abin da ke hoton shi ne ke jawo wannan zafin na wannan ƙafar? Me zai faru in na ƙara wata biyu? Zafin ƙafa za a cire ko na baya? Yaushe zan koma tuƙi? Likitan ya ba shi makonni kafin ya koma bakin aiki, ya ce ya riƙa tsayawa yana taka ƙasa a hanya, ya kuma bar taba. Ya bar ta. Ni kuma gefen ƙaramin yatsana na hagu ya yi kusan shekara yana jin safa kamar ta ninku a wurin, sai wata rana ina wanka na lura ina jin ɗumin ruwan a kansa daidai da na dama.